Kastin da odishin: me za mu kira su da Hausa?

1/ Jama'a, kalma nake nema. Wata sanarwa aka ba ni in mayar Hausa: wani ƙaramin gidan wasan daɓe a New York yana neman 'yan wasa masu shekara 60 zuwa sama, za su yi wasa mai waƙa kan rayuwar tsufa. Kalma biyu na Turanci suka tsaya mini a wuya, kastin da odishin, waɗanda suka shafi yadda ake ɗaukar 'yan wasa. 'Yan Kannywood haka suke faɗinsu, amma dattijon da ake nema ba lalle ya gane ba.

2/ Ƙanƙantar gidan, can da kujeru ake auna ta. Broadway, wato ajin manyan gidajen wasan birnin, daga kujera 500 ne zuwa sama, Off-Broadway 100 zuwa 499, abin da ya gaza 100 kuma Off-Off-Broadway. A ɗan zaure irin wannan, mai kallo yana iya gane furfurar gaske da ta hoda, shi ya sa suke neman tsofaffi na ainihi.

3/ Tantancewa na fara rubutawa, na goge. Wannan ta Majalisar Dattawa ce da ministoci: a duba takardu, a fid da baragurbi. Wanda aka sallama a odishin kuwa ba aibu gare shi ba. Wataƙila muryarsa ce ta yi kauri, ko ya yi wa wadda za ta fito a matarsa yarinta. Zaɓe ma ban tsaya a kanta ba, ƙuri'a take kawowa a rai.

4/ Wani babban yayanmu ya ce in sa "rabon rawa", tunda muna cewa wane ya taka rawa. Yaya, a gafarce ni, a nan ne tarkon yake. Wasan nan akwai rawa ta gaske a cikinsa, ta ƙafa da kiɗa. Ka ce wa gwaggo mai shekara 70 da ciwon gwiwa ta zo rabon rawa, wallahi ba za ta fito ba, alhali ƙila abin da ake so da ita ta zauna a kujera ta rera waƙa ɗaya.

5/ Tashe ne ya fid da ni. Idan azumi ya kai goma muna yara, a zaure ake taruwa kafin a shiga gari da Tsoho da Gemu. A kawo auduga, a kawo sanda da tsohuwar riga. Kowa ya duƙa ya gwada tafiyar, ya sa hannunsa karkarwa, ya ja tari. Babban cikinmu yana kallo, can ya nuna ɗaya: "Kai za ka fito a tsoho, saura ku yi amshi." Ni kullum amshi nake samu, wai bayana ba ya lanƙwasa.

Fito. Ita ce kalmar, kuma har yau da ita ake magana: wane ya fito a uba, wance ta fito a kishiya.

6/ Don haka abin da na rubuta: odishin, gwajin fitowa. Shi ne lokacin da mutum zai tsaya gaban darakta ya rera ɗan yankin waƙa, ya karanta 'yan layuka. Kastin kuma rabon fitowa, wato yanke wa zai fito a wa. Gwaji ne farko, rabo ya biyo baya.

7/ Akwai wata 'yar ƙarama: sake kiran waɗanda suka burge darakta don a ƙara jin su. Wata 'yar'uwa ta ce kiranye. Hajiya, wannan ta ɗan majalisar da mazaɓarsa ta gaji da shi ce. Na sa "kira na biyu".

Sanarwar yanzu ta fara da: "Ana gayyatar dattawa maza da mata zuwa gwajin fitowa." Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuke jin abin ta Faransanci, ya zauna muku a kunne?