Ƙarƙashin Golf ɗina ya fara tsatsa: baƙin mai zan fesa ko kwalta?

Mai Golf na Bolari:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san ƙarfe. Ina da Golf 3 wagon ƙirar 1996, shekara tara tana hannuna, da ita nake zirga-zirga tsakanin Gombe da gonata ta wajen Dadin Kowa. Makon jiya taya ta yi faci a hanya, na kafa jak a gefen direba, ina cikin ɗagawa sai na ji ƙaras, kan jak ɗin ya shige cikin ƙarfen kamar an taka tsohuwar ƙwarya. Da na kai ta wurin wanki aka hau rami, na leƙa da fitilar waya, wallahi sai da gabana ya faɗi. Gefen da ke ƙarƙashin ƙofofi duk ya yi ja, wani wurin yana ɓarewa kamar ɓawon rogo.

Yaron wankin ya ce a fesa mata baƙin mai haɗe da gas, haka suke yi wa kowa. Wani abokin aikina kuma ya ce in sayi baƙin fentin nan mai kauri irin na kwalta a shafe ƙasan gaba ɗaya. Injinta lafiya lau, ba ta shan mai, kuma kuɗin wata motar a yanzu ba maganar da zan ɗauko ba ce. Wanne zan yi?

Tsohon Direban Kumo:

Wa alaikumus salam. Malam, baƙin mai dai. Shekara da shekaru na ja Peugeot 504 haɗin Kaduna a hanyar Gombe zuwa Yola, duk juyen mai sai na sa an fesa mata wanda aka juye, har na rabu da ita ƙasanta bai huje ba. Ga araha. Kada ka bari a ci kuɗinka.

Fanel Bita na Tashar Dukku:

Baba, a gafarce ni, ba musu nake da kai ba, amma motarka da tasa ba tarihinsu ɗaya ba. Taka a Kaduna aka haɗa ta, ba ta taɓa taka ƙanƙara ba. Golf ɗinsa kuwa 'yar Beljiyam ce, ta yi shekaru a Turai inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke. Ruwan gishirin nan ya shiga lungunanta tun kafin ta hau jirgi. Mu nan muna da rani mai tsawo, shi ya sa cutar take tafiya a hankali, amma da ita ta zo.

Malam mai Golf, inda jak ya shige ba ya buƙatar shafe, walda yake buƙata. A yanke ruɓaɓɓen har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a ɗora sabon falle. Duk wanda ya ce zai cike maka da bodi fila, wato ƙullun nan da ake cike lotsawar jikin mota da shi, ɗauki makullinka ka tafi. Kafin a kunna wuta a cire kan batir, a ɗage kafet, a kula da bututun fetur da ke bi ta ƙasan.

Sauran wuraren ga yadda nake yi. A wanke da ruwa mai ƙarfi, musamman ramin tayoyi, domin laka ita ce babbar ɓarauniya: waje ya bushe, cikinta na riƙe da danshi har kwanaki. A bar motar ta sha rana kwana biyu. Sai ka ɗauki sukundireba kana caccaka da hannunka, kada ka bar wa yaro. Inda ya yi ƙara tangaran lafiya ne, inda ya lotsa a yi masa alama da alli. A kankare da burushin waya da samfefa har ƙarfe ya nuna fuskarsa. Akwai wani ruwan magani da masu sayar da fentin mota ke kawowa, idan an shafa wa ragowar tsatsa sai ta koma baƙa, ka tambaye su. Bayan ya bushe a bi da jan fentin nan da masu ƙera ƙofa ke fara shafawa, hannu biyu. Sai a ƙarshe baƙin fentin nan mai kauri ya hau.

Abin da ya sa na dage a kan wannan jeri: kwalta a kan tsatsa rufe tukunya ne da wuta a ƙasa. Zafin garin nan zai tsattsaga ta, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Na taɓa ɓare irin wannan shafen a wata mota, daga waje baƙi sumul kamar sabuwa, na ja shi ya taho da ƙasan motar a manne, har ina hango takalmin mai ita ta ramin.

Kada a shafa wa salansa, zai ƙone ya yi ta wari. Kada ya taɓa birki. Kuma ƙananan hujojin da ke ƙasan ƙofofi da gefuna an yi su ne don ruwa ya tsiyaye, a zura waya a buɗe su, kada a toshe.

Bakanike daga Bauchi:

Abin da Oga ya faɗa haka yake. In ƙara a kan baƙin mai: yana korar ruwa, wannan gaskiyar Baba ce, amma yana kumbura roba. Bushin, robar shaf, tiyon birki, duk suna laushi su mutu da wuri. Ga ƙurar hunturu da ke manne masa ta zama taɓo. In ma za a yi amfani da mai, a ɗura sabo mai ɗan kauri cikin kogon gefunan da hannu ba ya kaiwa, a maimaita duk shekara. Sannan ka sa a duba bututun birki na ƙarfe, in ya ci a canza shi, ba a yi masa fenti.

Tambaya ɗaya: kana ɗaukar takin zamani a but? Yuriya in ta zube ta sami danshi, cin ƙarfe take yi kamar gishiri. Ciro safaya ka duba raminta.

Tsohon Direban Kumo:

To, yaran zamani kun fi mu karatu. Amma ku gaya masa kada ya taɓa aikin nan a watan Agusta. Ya jira ruwa ya ɗauke, Nuwamba ko Disamba, iska ta bushe. Mu ma wannan mun sani.

Mai Golf na Bolari:

Allah ya saka da alheri, Baba da ku duka. Malam na Bauchi, kamar kana gidana. Na ciro safaya yau da safe, ramin na da ruwa kusan rabin kofi, ga farin garin taki ya daskare a gefe, buhu huɗu na kai gona da ita a watan Yuni. Na kuma ɗaga kafet ɗin gaba na tarar da soson ƙarƙashinsa sharkaf. Ashe ganyen dogon yaron da nake ajiye ta a gindinsa ne ya toshe magudanar da ke ƙasan gilashin gaba, ruwa yake komawa ciki. Na cire kafet ɗin na shanya a kan katanga, uwargida tana ta tambaya ko motar ma wanki da guga za a yi mata.

Waldar gefen direba zan yi ranar Asabar saboda ba ni da inda zan kafa jak. Shafen kuma sai bayan na gama kwaso masara. Oga na Tashar Dukku, jan fentin nan galan ɗaya zai ishi wagon, ko in sayi biyu?