Silima, Kino, Bio: shawarwari ga mai bin asalin kalmomin fim a Turai

A wata tattaunawa da masu koyon harsuna suka yi kan asalin kalmomin fim, shawarar da ta fi yawa ita ce a fara da Girkanci. Kinema na nufin motsi. Daga nan aka samo cinématographe, na'urar da 'yan'uwan Lumière suka nuna fim da ita a Paris a 1895. Faransawa suka taƙaita zuwa cinéma, Sifaniyawa cine, Jamusawa da Rashawa kino. Silimarmu ma jikanyar wannan kalma ce.

An ja kunne kada a ɗauka duk Turai hanya ɗaya ta bi. Mutanen Holan na cewa bioscoop, daga Bioskop, na'urar haska fim da 'yan'uwan Skladanowsky suka nuna a Berlin a wannan shekarar. Na Suwidin kuwa bio suke cewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne kalmar fim ita kanta: a tsohon Turanci siririyar fata take nufi, haka ma película ta Sifaniyanci daga Latin. Wasu suka ce a riƙa bambance sunan gidan kallo da na faifan, don nan masu fassara suka fi tuntuɓe.