Waɗanda suka taɓa shan tabar siga naɗin hannu, ya kuka same ta?

Mai buɗe zance:
Salam jama'a. Ina so duk wanda ya taɓa shan siga ta ainihi, wadda aka naɗa da hannu da ganye zalla ba ta inji ba, ya faɗa mana yadda ya ji ta a baki da yadda ta ci wuta. Ni wadda na sha robusto ce (sunan girman sigar kenan) ta Nikaragua, tsawo inci 5 kauri 50 a ma'aunin siga, wato kashi 50 cikin 64 na inci, ganyen wajenta baƙi-baƙi mai maiƙo. Da farko yaji ne sosai har cikin hanci, da ta ɗan ci sai yajin ya kwanta ɗanɗanon koko da kofi ya fito, amma can wajen ƙarshe ta yi ɗaci har na ajiye ta. Dama haka take ko akwai abinda ke jawo hakan?

Tsohon mashayi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Yajin farkon nan halin ganyen Nikaragua ne, musamman na yankin Estelí, in an sa na Jalapa da yawa sai ka ji ta fi laushi da ɗan zaƙi. Ɗacin ƙarshe kuwa inaga saurin zuƙa ne. Ita siga ba sigari bace da zaka riƙa ja kai da kai, zuƙa ɗaya a minti ta isa, ka ajiye ta ta huta, in ka matsa mata wutar sai tai zafi ganyen ya ƙone maimakon ya ci a hankali, kwaltar ta taru a wajen baki shikenan sai ɗaci. Robusto ni takan kai ni minti 45 zuwa awa guda. Kuma ba dole sai ka sha ta har ƙurmus ba, in ta fara zafi a yatsa ko ɗanɗanon ya juya ka ajiye ta mutu da kanta, kar ka murje ta a toka, warin da take yi in an murje ba daɗi.

Wanda ya je Kuba:
Nidai abinda ya sa na fara ganin girman abin nan shine ranar da na tsaya na kalli masu naɗi a Pinar del Río, nan ne yankin Vuelta Abajo da ake ji da ganyensa a duniya. Mutum zaune da allon katako da wata 'yar wuƙa mai lanƙwasa da suke cewa chaveta, babu wani inji. Ciki ganye iri uku ne yake haɗawa, na saman itacen wato ligero shi ya fi shan rana shi ke kawo ƙarfi kuma baya ci da sauri shi yasa ake sa shi tsakiya, seco na tsakiyar itace shi ke da ƙamshi, volado na ƙasa shi ke sa wuta ta kama. Sai ya naɗe su da wani ganyen ya sa a mazubi a danne su ɗau siffa, daga baya ya kawo ganyen waje mai santsi ya miƙe shi ya lulluɓe, ya liƙe kan da ɗan ƙaro marar ɗanɗano. Wallahi hannunsa baya tsayawa amma duk wadda ya gama kamar an auna. Wadda na sha a can ba yaji sosai, ƙamshin ƙasa da busasshiyar ciyawa ne da ɗan zuma-zuma, tokar kuma toka-toka ce ba fara tas ba, kuma ta riƙe kusan inci guda kafin ta faɗi.

Mai buɗe zance:
Yaya to in ligero yana tsakiya, shi yasa in toka ta faɗi nake ganin wutar ta yi tsini?

Wanda ya je Kuba:
Shine. Ɗan tsini kaɗan alamar an jera ganyen daidai. In ya yi tsawo sosai to kana sauri.

Ɗan'uwa daga nesa:
Ku kuna ta yabo, bari in kawo nawa. Na taɓa samun wata mai tsada, kyau a ido ba'a magana, na yanke kai na ja kafin in kunna sai naji kamar ina zuƙar sanda, iska bata wucewa sam. Na mulmula ta a yatsu naji wani wuri tauri kusa da zoben takardar, an cusa ganye yayi yawa a wurin. Na kunna a haka hayaki ɗan kaɗan, gefe guda yana ci ɗayan ya tsaya, sai gyara nake da laita har raina ya ɓaci. Ganyen mai kyau ne don ina jin ƙamshin itacen al'ul da fata, amma naɗin ya kashe ta. Tun daga nan kafin in saya sai na latsa ta a hankali daga kai har ƙasa, ta ɗan lotsa ta dawo, ba tauri ba rami.

Tsohon mashayi:
Ɗan'uwa wani lokacin ba laifin mai naɗi bane, danshi ne. In ta sha laima da yawa ganyen ciki sai ya kumbura ya toshe hanya, in ta bushe kuma sai ta ci da sauri tai zafi ganyen waje ya tsage. Shi yasa ake ajiye ta a akwatin danshi mai kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, zafi wajen digiri 18 zuwa 21, in zafi ya wuce haka ƙwaron taba na iya ƙyanƙyashewa ya huda maka su duka. Ni in na sayo sabuwa bana taɓa ta sai ta kwanta wasu makonni. Akwai wadda na sha da wuri naji warin amoniya yana sukar maƙoshi, 'yar uwarta da ta daɗe a akwati kuwa lafiya lau, ganye ne da bai gama tsumuwa ba. Sannan laita mai gas ko ashana ta katako, banda mai fetur, warinsa yana shiga ganye.

Sabon shiga:
Ni tawa ta Jamhuriyar Dominika ce mai ganyen waje na Connecticut (irin ganye ne mai sunan wata jihar Amurka), launin ruwan ƙasa mai haske. Sanyi gareta a baki, kamar madara da gasasshen burodi, ba ta yi mani komai ba sai da na miƙe tsaye naji jiri da zufa da tashin zuciya, ban ci abinci ba ranar. Wani ya bani abu mai zaƙi na sha na zauna kafin ya lafa. Kuma ban haɗiye hayaƙin ba fa, a baki kawai nake juya shi in fitar.

Ma'aikacin jinya:
Ƙanena nikotin ɗin ta fatar baki yake shiga jini, ba sai ya kai huhu ba, kuma babbar siga ɗaya na iya ɗaukar taba kwatankwacin kwalin sigari guda. Ni ma na sha a da, na san daɗin da kuke faɗa, wata mai ganyen San Andrés na Meziko har yau ina tuna zaƙinta. Amma na bari saboda abinda nake gani a wajen aiki, sankarar baki da harshe da maƙogwaro da ciwon dasashi, rashin haɗiye hayaƙi baya kare mutum daga waɗannan. Wanda bai fara ba don Allah kar ya fara. Masu sha kuma duk wani gyambo ko farin tabo a baki da ya wuce sati 2 bai warke ba a je a nuna wa likita, kuma kar a sha a ɗaki da yara.

Mai buɗe zance:
Na gode Malam, naji wannan kuma zan riƙe. Baba tsohon mashayi tambaya ta ƙarshe, in ta mutu a tsakiya ana iya sake kunnawa?

Tsohon mashayi:
Ana yi in bata daɗe ba. Karkaɗe tokar, ka hura ta cikinta tsohon hayaƙin ya fita, ka gasa bakin da wuta kana juyawa sannan ka ja. In ta kwana kuwa ka haƙura da ita, ɗanɗanon ya riga ya lalace.