Acclivity: daga climb ta fito ko daga Latin?

Auwalu: Jama'a, ni a ganina acclivity, kalmar Turanci mai nufin hawan tudu, 'yar uwar climb (hawa) ce da cliff (tsauni). Duk ukun suna da cli, ga ma'ana kuma ta zo kusa.

Malam Bala: Auwalu, kama da wane ba wane ba ne. Daga acclivitas ta Latin aka aro ta a farkon ƙarni na 17. Haɗin kalmomi biyu ce: ad, wato zuwa ga, da clivus, wato tudu. Harafin d ya rikiɗe ya koma c saboda c ɗin da ke bin sa, shi ya sa ake rubuta c biyu, kuma nan ɗalibai suka fi faɗuwa. Climb kuwa daga climban ta tsohon Ingilishi take, tana bakin Ingilishi tun kafin Normandawa su ci Ingila a 1066.

Auwalu: To Malam, ai Latin da Ingilishi kakansu ɗaya. Me zai hana su haɗu can sama?

Hajiya Rabi: Abin da ya hana shi ne dokar sauyin sauti da Jacob Grimm, masanin harsuna ɗan Jamus, ya bayyana a 1822. Inda Latin ke da sautin k a farkon kalma, Ingilishi na asali h yake da shi: centum da hundred (ɗari), cornu da horn (ƙaho), canis da hound (kare). Saboda haka dangin clivus na jini da hl za su fara. Kuma akwai su: hlinian da ta zama lean (jingina), da tsohuwar siffar ladder (tsani), daga baya h ɗin ya faɗi. Climb da sautin k ta fara, ba ta cikin gidan.

Injiniya Sani: Ku ƙara da declivity, gangara. Tudun ɗaya ne, inda ka tsaya ne ke sauya sunan. A aikin hanya ma ba mu cika amfani da su ba, lissafi muke yi: tashin mita 5 cikin mita 100 na kwance kashi 5 ne, kusan digiri 3. Masu koyo kan ɗauki kashi 100 a matsayin bango miƙe, alhali digiri 45 ne kacal.

Auwalu: Na bar climb. Amma cliff fa, Hajiya? Tsauni ne sosai.

Hajiya Rabi: Ita ma da k ta fara tun tana clif a tsohon Ingilishi, ɗana. Hukuncinsu ɗaya.