Neman shawara: batirin ruwa ko na litiyom, wanne zai kai mu asuba?

Mai tambaya, Rijiyar Zaki:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sola. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya fi ƙarfina, wuta kuma a layinmu sai an ga dama ake kawowa. Na ɗan yi tari, ina so in haɗa sola kafin zafin bazara ya kankama.

Abin da ke gidan: fankar sama 4, ƙwai 10 masu wat 10, talabijin da dikoda, firiza ɗaya da maiɗakina take sanyaya zoɓo da kunun aya na sayarwa, sai sumo mai ƙarfin doki 1 da ke tura ruwa tanki. Ba mu da eyasi.

Na shiga Sabon Gari, wani mai shago ya yi mini lissafi biyu. Na farko inbata 3.5kVA mai bolt 24, da batirin ruwa 2 masu 220Ah, da faranti 4 masu wat 550. Na biyu inbata 5kVA mai bolt 48, da batirin litiyom ɗaya mai 100Ah, farantan dai 4 ne. Na biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ya ce na farkon ma ya ishe ni, wai batura biyu ai sun fi ɗaya. Ni dai burina yara su yi barci da fanka har asuba. Wanne zan ɗauka?

Mai haɗa sola, Hotoro:

Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar biyu da ɗaya, ɗauko biro mu yi lissafin darenka, don batir aikin dare yake yi.

Fankar sama irin ta da tana cin kamar wat 70, huɗu 280 ke nan. In sun yi awa 11 suna juyawa, sun sha 3,080. Ƙwai wat 100 na awa 5, 500. Talabijin da dikoda mu ce wat 100 na awa 4, 400. Firiza tana tashi tana tsayawa, mu ba ta 1,300 daga magariba zuwa hantsi. Jimla 5,280. Ita kanta inbata tana cin nata wajen juya wuta, don haka ka ɗauka kana buƙatar 6,000, wato yunit 6 a dare.

To batirin ruwa biyun nan, bolt 24 sau 220Ah, 5,280 ne a takarda. Amma batirin ruwa rabinsa ake ci in ana so ya yi ƙarko, wato 2,640. Kafin ƙarfe ɗayan dare inbata za ta fara kuka. In kuwa kullum kana tatse shi har ƙasa don ka kai asuba, ba zai daɗe ba za ka koma kasuwa. Na litiyom, in mai bolt 51.2 ne da ake kira 48, 51.2 sau 100Ah, 5,120 ne, kuma ana cin kashi 80 cikin 100 hankali kwance, wato wajen 4,100. Ka ga ɗayan ya fi biyun. Sai dai shi ma bai kai 6,000 ba, kuma wannan ce gaskiyar da mai shago ba zai faɗa maka ba.

Maganin ba ƙarin batir ba ne, fankokin nan ne ɓarayin. Ka sauya su da fankar DC mai cin wat 30 ko ƙasa da haka. 3,080 ɗin nan zai dawo 1,320, darenka gaba ɗaya ya tsaya wajen yunit 4. Kuɗin fanka huɗu bai kai kuɗin batir ɗaya ba.

Baba mai ritaya, Gwale:

Injiniya, lissafinka ya yi, amma kada ku riƙa kushe batirin ruwa kamar ba shi muka yi amfani da shi ba tun kafin ku san litiyom. Nawa guda huɗu ne, suna nan suna aiki. Sirrin kawai kula. Duk wata ina duba 'yan sandunan nan na saman murfi, in sun yi ƙasa in ƙara ruwan batir. Ruwan batir na ce, ba na famfo ba, ba fiyawota ba. Kan batirin in ya fara farin gari in goge in shafa man basilin. Kuma a zaure suke inda iska ke ratsawa, don in yana caji yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta, ba a rufe shi a ɗakin kwana. Yaro, in kuɗinka bai kai ba, ka sayi huɗu a lokaci guda. Kada ka ce biyu yanzu biyu baɗi, tsohon batir janyo sabo yake yi ƙasa.

Mai haɗa sola, Hotoro:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ba musu nake yi ba. Amma mutum nawa ne za su yi kular da kake yi? Sannan ga zafin Kano. Shekarun da kamfani ke rubutawa a jikin batirin ruwa a ma'aunin zafi 25 aka auna su, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana raba rayuwarsa biyu. Mu nan a Afrilu muna haura 40. Na sha shiga gida in tarar an jibge batura a ɗan sito mai rufin kwano ba silin, ka taɓa jikinsu da zafi rau. Litiyom ma ba ya son zafi, amma ya fi jurewa, ba ya neman ruwa. Kuma kuɗin batirin ruwa huɗu masu kyau, in ka haɗa, ba su yi nisa da na litiyom ɗaya ba.

Hajiya, Tarauni:

Ɗan'uwa, ni ta ɓangaren firiza zan yi magana don ƙanƙara nake sayarwa. Ba dole ba ne ta kwana a kunne. In ta yi wunin rana tana aiki, ka ce wa maiɗakinka ta jera robobin ruwa a ƙasa su daskare, bayan isha a kashe, a daina buɗe-buɗe. Da safe za ta tarar da kayanta da sanyinsu. Kuma don Allah ranar da za a haɗa a kira ta a nuna mata allon inbatar. Ita ce a gida da rana, ita za ta san lokacin da batir ya cika a kunna sumo. Guga ma da rana, ba da daddare ba. Mazan nan sai ku haɗa abu ku fice, yaro ya jona hita, a dawo ana neman mai laifi.

Wani mai aikin waya, Kurna:

Maganar sumo ita ce ta sa ni ma na ce 5kVA. Doki 1 wat 746 ne, amma lokacin tashi yana fizgar ninki uku ko fiye na ɗan daƙiƙa. In ya haɗu da firiza tana tashi, ƙaramar inbata sai ta ɗauke. Sannan bolt 48 ya fi sauƙi ga waya: wat 3,000 a bolt 24 am 125 ne, wato yawan wutar da ke bi ta wayar batir, a 48 kuwa rabin haka. Siririyar waya a nan ita ce ke kawo gobara. A sa mai kauri ta jan ƙarfe, a sa bireka ta DC tsakanin batir da inbata, a kafa sandar atin a ƙasa saboda tsawar damina.

Wajen saye ka tambaya sel, wato ƙananan batura, nawa ne a cikin litiyom ɗin. Akwai mai 15, bolt 48, akwai mai 16, bolt 51.2, duk ana kiransu da suna ɗaya amma na farko 4,800 ne. Ka nemi nau'in LiFePO4, da takardar garanti a rubuce. Ka kuma ɗaga shi, na gaske ya haura kilo 40. In ka ji shi sakayau, ka ajiye musu kayansu.

Mai tambaya, Rijiyar Zaki:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ji maganarka, amma na san halina, ba zan iya wannan duba ruwan ba. Zan ɗauki litiyom, in sauya fanka biyu na ɗakunan kwana yanzu, sauran daga baya. Injiniya, farantan 4 sun isa? Kuma akwai saitin da zan tsaya a kai in ga an yi?

Mai haɗa sola, Hotoro:

Huɗu za su yi a watannin rana, don kowanne yana ba da wajen yunit 2 da ɗoriya a wuni. Amma a Agusta da hadari, da lokacin ƙurar hunturu, za ka ga batir bai cika ba. In da hali ka sa 6, in babu a bar musu wuri a kan ƙarfen. Su fuskanci kudu da ɗan karkata kamar digiri 12 zuwa 15, kada inuwar tanki ta faɗa kansu, a riƙa wanke su da sassafe in ƙura ta yi yawa. Kafin a jera su a layi ɗaya a duba iyakar bolt da inbatar ke karɓa daga faranti, kowane ɗaya yana kai kusan 50.

Saiti kuwa, a zaɓi litiyom a wajen nau'in batir, a jona 'yar wayar sadarwa tsakanin batir da inbata don su riƙa fahimtar juna. In ba su dace ba, a shigar da lambobin da ke takardar batirin da hannu, kada a yi da ka. A kashe cajin nan mai ƙarfi da ake yi wa batirin ruwa lokaci-lokaci, litiyom ba ya son sa. A sa inbata ta tsaya in batir ya sauko kashi 20. Sai a zaɓi SBU, wato rana tukuna, sannan batir, wutar nefa a ƙarshe. In damina ta yi nisa ka ga ba ya cika, ka bar ta ta riƙa caji da wuta in an kawo. Ka ɗauki hoton allon bayan an gama ka turo nan mu duba.