Neman shawara: in saki bas ɗin makaranta in kama babbar motar DAF a kakar nan?

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan uwa, raina a jagule yake. Shekara 6 ina jigilar 'yan makaranta daga Unguwar Rogo. Albashin ba ya kai mu ƙarshen wata, maiɗakina na da juna biyu, ga kuɗin haya. Kafin nan na yi yaron mota shekara 4 wajen marigayi kawuna, shi ya koya mini tuƙi. To wani Alhaji, abokin kawun nawa, ya ce zai ba ni DAF na wata 3: ragowar dankali daga Bokkos, sai masara daga Mangu, wani lodin Anacha, wani Fatakwal. Biya kan kowane sawu. Ranar Juma'a yake jiran amsa. Me kuka gani?

Dogo Farin Gada: Wa alaikumus salam. Ƙanena, tun 1998 nake kan hanyar nan. Ka taɓa sauka Hawan Kibo, gangaren nan na hanyar Jos zuwa Akwanga, da cikakken lodi, kai ke riƙe da sitiyari? Wurin nan ba a dogara da birki, da giyar mota ake sauka. Birki na yin zafi ya daina kamawa. Kuma lasisinka wane aji ne? In mai jan bodi ce, ajin G ake nema.

Maman Sadiq: Ɗan uwa ka karɓa. Kaka sau ɗaya take zuwa a shekara. Mijina da kuɗin kaka ya yi mana rufin kwano.

Direban Bukuru: Ni bara na yi wa wani. Kwana 3 mota ta kwanta bayan Lafiya, dankali ya fara ruɓewa, ya cire asarar a kuɗina. Har yau ina binsa. Ga 'yan karɓar haraji kowane gari, daga aljihuna.

Dogo Farin Gada: Abin da nake faɗa ke nan. Wa ke sayen gas? Kuɗin hanya fa? In taya ta fashe? Ku rubuta a gaban shugabannin tasha. In ya ƙi, kar ka taɓa makullin.

Baban Ummi: Yaya Dogo, na gode, amma ba zan iya kai wa Alhaji takarda ba. Shi ya tsaya mana lokacin rasuwar kawu. Hawan Kibo kuwa na bi shi ba adadi.

Dogo Farin Gada: A kujerar yaron mota ka bi shi. Kuma ba ka amsa maganar lasisi ba.

Maman Sadiq: Haba Malam Dogo, kowa da ranar farkonsa. Ya yi istihara kawai.

Abu Hanif: Bayan wata 3 fa? Makarantar za ta ajiye maka bas ɗin?

Baban Ummi: Ban gaya musu ba tukuna. Akwai wanda ya san nawa ake ba direba a sawun Anacha yanzu?