Tarwada ce ko ramboshi, yauni ne ko gaiwa?

Baƙon Mabera:
Assalamu alaikum. Aiki ne ya kawo ni Sakkwato, kuma ban tashi a bakin ruwa ba, saboda haka ina neman waɗanda suka san kifi su fahimtar da ni. Ranar Asabar na tsaya a wajen gadar Kwalkwalawa na sayi kashi guda na ɗanyen kifi. Da aka zube shi a cikin roba a gida, sai na ga biyu masu gashin baki da faffaɗan kai, waɗanda na ɗauka duk tarwada ne, amma bayansu bai zo ɗaya ba. Akwai kuma wani dogo wanda mai sayarwa ya ce mini yauni ne, maƙwabcina kuwa ya dage cewa gaiwa ce aka haɗa ni da ita. A ƙasan kashin mun tarar da wani ɗan ƙarami mai ratsi-ratsi da rawayan ciki, wanda uwargida ta ƙi taɓawa. Yaya ake rarrabe su, kuma wanne ne bai kamata a ci ba?

Jikan Sarkawa:
Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko, kada ka dogara da launi, domin kifi iri ɗaya yakan yi duhu ko haske gwargwadon ruwan da ya zauna. Ka dubi bayansa da wutsiyarsa. Tarwada tana da fiffike guda ɗaya dogo wanda ya taso daga bayan kai har kusa da wutsiya. Ramboshi kuwa nasa biyu ne: na gaba mai ƙayoyi masu laushi, sai na baya mai tsoka, wanda ba shi da irin waɗannan ƙayoyin. Dukansu ana ci, kuma a ganina ramboshi ya fi maiƙo da daɗi a farfesu, ga shi yana girma sosai.

Batun dogon ya fi sauƙi. Yauni ba shi da komai a ƙarƙashin cikinsa, fiffikensa na baya ne kawai yake kaɗawa, wutsiyarsa kuma ta tsuke kamar ta ɓera. Gaiwa tana da wasu siraran abubuwa guda huɗu kamar igiya, biyu a gaba, biyu a baya, jikinta kuma da ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Ita ce take shigewa cikin laka idan fadama ta ƙafe, ta yi watanni tana shaƙar iska har damina ta dawo, shi ya sa ake cewa tana cin jikinta. Tun ina yaro na ga an haƙo ta da fartanya a busasshiyar fadama, a naɗe cikin wata 'yar fata kamar takarda, aka jefa ta cikin bokitin ruwa ta warware. Idan tana da rai, ka kiyayi bakinta, cizonta ba wasa ba ne. In har gaiwa aka ba ka a kuɗin yauni to an cuce ka, domin yauni yana cikin kifaye mafi tsada a wurinmu.

Uwar Marayu:
Ɗana, matarka ta yi daidai da ta ƙi taɓa wannan ƙaramin. Yadda ka kwatanta shi, talibamban ne. Ka duba bakinsa, za ka ga haƙora huɗu a manne kamar bakin aku, kuma idan yana da rai aka taɓa shi sai ya kumbura ya zama kamar ƙwallo. Irin wannan kifi yana iya ɗauke da guba, musamman a fata da hanta da ƙwai, kuma wuta ba ta kashe ta, ko an soya ko an banda. Ka binne shi inda yara da kaji ba za su kai gare shi ba. Gaiwa kuwa ni ina cin ta, sai dai nakan wanke ta da toka ko lemun tsami saboda yauƙi da ƙarnin laka. Waɗanda ba sa ci ƙyama ce ko al'adar gidansu, amma a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa cikin ruwa halal ne.

Malamin Gona:
Ina so in ƙara guda biyu da sabon shiga yakan ɗauka tarwada ce. Minjirya tana da gashin baki, amma jikinta a kumbure yake, sulɓi ne, babu fiffike a bayanta sai ɗan ƙarami na tsoka dab da wutsiya. Tana jan mutum da lantarki mai ƙarfin da kan kai volt 300 ko fiye, saboda haka ba a kama mai rai da hannu. Masu cin ta sukan feɗe fatar tukuna. Ƙurungu kuma namansa lafiya lau, sai dai ƙayoyinsa uku, ɗaya a baya biyu a gefe, suna sandarewa, kuma sukarsu tana da raɗaɗi ƙwarai. A karya su da wuƙa kafin a fara gyara.

Baƙon Mabera:
Na gode, Inna, na gode 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri. Na fito da su daga firiji na duba: ɗaya tarwada ce, ɗaya ramboshi, dogon kuma yana da igiyoyin nan huɗu, ashe maƙwabcina ne mai gaskiya. Ƙaramin na binne shi a bayan gida.